Babur ɗin Malam Jatau

Ku gyara zama. Wannan labarin gardama ne, kuma gardamar taku ce.

A Kurmin Dutse, wani ƙauye da ke bisa tsauni, an yi wani dattijo, Malam Jatau. Mota ba ta hawa can. Babur ɗaya ne a ƙauyen, kuma nasa ne. Da shi yake saukar da citta, ya hau da gishiri da kananzir. Hanyar kuwa duwatsu ce daga sama, sai rafi mai yashi a tsakiya, sannan gangara mai tsakuwa har bakin titi. Wilin babur ɗin, wato zoben da taya ke zama a kai, na ƙarfe ne gaba da baya. In dutse ya lanƙwasa shi, Jatau ya ɗora a kan gungume ya buga da guduma, ya ci gaba da tafiya. An buga an buga, har babur ya koma yana tafiya yana rawa.

'Ya'yansa uku. Shekarau ne ɗan fari, bakanike ne a bakin titi. Sai Tasalla, tana aure a Gangare, ƙauyen da ke gindin tsaunin. Sai auta Nomau, wanda ke gida yana noma, yana karɓar babur in tsoho ya gaji.

Wata Sallah Shekarau ya hau gida da wili biyu na alminiyam, farare, masu faɗi, marasa nauyi, da tayoyi masu manyan haƙora. Ya ce waɗannan aka yi domin hanyar daji. Jatau ya ɗaga ɗaya, ya ji kamar faranti. Da yake ba ya kiran sunan ɗan fari, sai ya dubi ƙasa ya ce, "Kai, na san irin wannan farin abin. Ba ya lanƙwashewa, tsagewa yake yi. In ya tsage kuma, babu mai walda a nan da zai haɗa shi."

Shekarau bai yi musu ba. Ya bari tsoho ya tafi gaisuwar Sallah, ya kwance na ƙarfen ya ɗaura nasa. Jatau ya dawo ya gani, ya shige ɗaki. Shekarau ya yi niyyar miƙa tsofaffin ga 'yan gwangwan, Tasalla ta ce ba za a narka ƙafafun da suka ciyar da su ba. Ta tafi da su Gangare, har da tayoyinsu, ta rataye a ɗaki tana shafa musu man gyaɗa. Mijinta ya ce a yi mata murhu da ɗaya, ta ƙi. Malamin makaranta ya roƙi ɗaya ya riƙa bugawa a madadin ƙararrawa, ta ƙi. Har aka riƙa yi mata dariya, wai ta ajiye kayan gado tun mai shi yana raye.

Damina ta yi nisa. Wata rana da hantsi, bayan ruwan safe, kububuwa ta sari Jatau a idon sawu yana cikin gonar citta. Maganinta yana asibiti, bayan titi. Nomau ya ɗora uban a baya, ya ɗaure shi a jikinsa da rawani, suka kama hanya.

Jatau yana jin komai, ko da yake idonsa ya fara dishi-dishi. Ya san rafin nan. In an yi ruwa, bai taɓa ƙetare shi ba sai da maza sun taru sun tura, domin wilin ƙarfe nutsewa yake yi a jiƙaƙƙen yashi. Ranar kuwa babu kowa a bakin rafi, duk ana gona. Amma faffaɗar taya ta hau yashin ta wuce. Inda gaban ya kafe a laka, Nomau ya dafe ƙasa da ƙafa, ya cira shi da hannu, tsoho na bayansa, suka fita. Jatau ya ce a ransa, da tsofaffin ne, da nan za a yi masa salla.

Da suka kai gangara, sai jini ya fara fitowa daga dasashin tsoho yana ɗiga a kafaɗar yaron. Jatau ya ce masa ya sassauta, tsakuwar nan ba ta son gudu. Nomau ya dubi kafaɗarsa, ya ƙara wuta. Ya bi ta wuraren da ko akuya sai ta yi tunani, ya yanke kwanonin hanya, ya cinye fiye da rabin gangarar kafin rana ta take. Sai wilin gaba ya daki wani dutse. Aka ji ƙas. Ya tsage, iska ta fice. Nomau ya tokare da ƙafafu har fatar gwiwarsa ta saɓule, bai bari uban ya taɓa ƙasa ba.

Ba zai iya barin tsoho shi kaɗai ba, ba zai iya goya shi har titi ba. Sai ya danna oda, ya ƙi saki.

Tasalla tana shanya a tsakar gida ta ji. Ta san muryar babur ɗin ubanta. Ta leƙa ta hango shi tsaye a tsakiyar gangara, inda mai lafiya ba ya tsayawa. Ba ta san wane wili ne ya lalace ba, don haka ta sauke tsofaffin duka biyun, ɗaya a ka, ɗaya a kafaɗa, ta fizgi famfon keken maƙwabci, ta hau tsauni da ƙafa. Ta iso numfashi na neman ƙwace mata.

"Wanne ne, na gaba ko na baya?"

"Na gaba, Yaya."

"To kwance, ni zan riƙe Baba."

Tsohon wilin ba tsatsa ko kaɗan, nan da nan ya zauna a gurbinsa. Babur ya ƙarasa titi yana rawarsa ta da, baƙin wili a gaba, fari a baya. A asibiti aka ce da an ƙara jinkiri kaɗan, da sai dai a yi haƙuri.

Jatau ya rayu, amma ƙafar ta shanye, ba za ta ƙara tayar da babur ba. Tun yana kan gado ya rantse a gaban 'yan dubiya cewa babur ya zama na wanda ya ceci ransa. Lokacin Nomau yake nufi. Sai da ya dawo gida ya zauna a zaure, mutane suna shigowa kowa da tasa, sannan ya ga rantsuwar ta fi ƙarfinsa.

Wasu suka ce Shekarau ne, domin ba don wilinsa ba da ba a ƙetare rafi ba. Aka ce musu ai wilin nasa ne ya tsage, kuma ba da yardar uba ya ɗaura ba.

Wasu suka ce Nomau ne, domin wili ba ya tuƙa kansa, kuma gudunsa ne ya riga dafin. Aka ce musu gudun nan ne ya fasa wili, bayan an ce masa ya sassauta.

Wasu suka ce Tasalla ce, domin ba don ita ba da tafiya ta ƙare a gangara. Aka ce musu ita ba ta ƙetare rafi ba, ba ta kai kowa asibiti ba, kuma ba don wannan ranar ta ajiye ƙarafan ba, taurin kai ne ya yi rana.

Su ukun kuwa babu wanda ya buɗe baki ya ce a ba shi. Jatau yana zaune da makulli a hannu, rantsuwa na wuyansa, kuma ba a raba babur gida uku.

To, ku da kuka ji, wa zai miƙa wa makullin nan?