Tunau Mai Fito da Baturen da Ya Bi Layi

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani ƙauye da ke zaune tsakanin rassan kogi biyu, tun zamanin da Turawan Ingila ke riƙe da ƙasar nan. Sunansa Tunau. Ba malami ba ne, ba attajiri ba ne, ko sarautar unguwa ba shi da ita. Mai fito ne. Jirgi ɗaya gare shi na icen maɗaci, da filafili, da wata tsohuwar ƙwarya ta kwarfe ruwa. Da su yake ƙetarar da mutane, da su yake ci da kansa da matarsa Delu.

Abu ɗaya aka san shi da shi a mashigin nan: wanda ya riga zuwa, shi ke riga shiga. Ko ɗan mai gari ne, ko mai tallan daddawa. An yi masa gunaguni, an yi masa gori, bai sake ba.

To, a daminar da nake ba ku labari, akwai wani Baturen Ingila a ƙauyen, likitan shanu, ya zo yi wa garken Fulani allura. Sunansa ya gagari bakin mutane, sai suka laƙaba masa Mai Lofe, don lofen taba ba ya barin bakinsa.

Ku saurara, jama'a, kada wani ya fita ya ce Malam ya yabi mulkin Turawa. Kakanninmu sun sha haraji, sun sha aikin dole, wannan ba a mantawa. Amma gaskiya ɗaya ce, ko a kan wa ta faɗa. Akwai halayen da mutanenmu suka gani wurin mutanen nan suka yi sha'awa. Mai Lofe in ya ce zai zo da hantsi, da hantsin za ka gan shi. In ka taka masa ƙafa, shi zai riga ka cewa yi haƙuri. Fushinsa da murnarsa duk fuska ɗaya ce. Kuma duk hirar da zai yi da kai, da maganar gari zai fara: yau akwai rana, yau akwai hadari. Har ana kwaikwayonsa a dandali ana dariya.

Ran nan aka wayi gari kogi ya ciko. Ba irin cikowar da aka saba ba. Ruwa ja, yana tafe da kututture da bukkoki da gawar dabbobi. Kafin hantsi ya cinye gonakin fadama, ya shiga gidajen bakin gaɓa. Jiragen da ke ɗaure duk ruwa ya tsinke ya tafi da su, sai na Tunau kaɗai Allah Ya tsare. Tudun tsira kuwa yana can ƙetare.

Gari duka ya kwararo mashigi. Mata na salati, yara na kuka, maza na ture juna. Da Tunau ya ga haka, sai ya tura jirgin ya ɗan ja baya daga gaɓa, ya miƙe tsaye a ciki.

Ya ce, "Jama'a, wallahi ba zan matso ba sai kun jeru. In kuka afka masa gaba ɗaya kifewa zai yi, mu hallaka duka. Tsofaffi da masu goyo da marasa lafiya su zo gaba. Saura kowa ya tsaya bayan wanda ya tarar."

Aka zage shi. Wani ya ɗebo laka ya jefe shi. Bai matso ba. Ruwa na hawa, shi yana tsaye. Da suka ga da gaske yake, sai suka jeru, layi ya miƙe tun daga bakin ruwa har gindin wata babbar tsamiya.

Ya kai, ya dawo. Ya kai, ya dawo. Ana cikin haka sai ga masinjan Bature, wani mai suna Jibo, da jar hula, yana ture mutane da sanda.

"Kai mai jirgi! Kawo nan. Bature zai ƙetare da akwatunansa."

Tunau ya ce, "Sannu da zuwa, masinja. Ga layi can."

Ku fa tuna zamanin da ake ciki. Zamani ne da in Bature ya wuce ba ka durƙusa ba, sai ka kwana a ɗaure.

Jibo ya ce, "Me ka ce? Ka san gidan yari kuwa?"

Wani dattijo ya matso ya ce a hankali, "Tunau, rufa mana asiri. Ɗauke shi mu rabu lafiya."

Kada ku zaci Tunau bai razana ba. Tsoro ya ji, 'yan uwa, mutum ne kamar ku. Amma ya ce, "Baba, matar nan mai ciki tun safe take tsaye. In na tsallake ta, me zan gaya wa Allah? A ɗaure ni gobe. Yau dai ita ce gaba."

Sai ga Mai Lofe da kansa, ruwa ya jiƙa shi sharkaf. Ya tambayi me ake ciki. Jibo ya zayyana masa, har da ƙari. Bature ya cire lofe daga baki, ya dubi Tunau, ya daɗe yana dubansa. Kowa ya sadda kai, ana jiran a ji hukunci. Sai ya juya ya dubi layin, ya ce da guntuwar Hausarsa, "Ina ƙarshensa?"

Aka nuna masa tsamiya. Ya ce a bar akwatunan a nan. Ya taka cikin ruwa ya je ya tsaya bayan mutum na ƙarshe, ya maida lofensa da ya riga ya mutu cikin baki. Jibo ya bi shi yana cizon leɓe, Bature ya sa shi a gabansa. Daga lokacin nan ba wanda ya sake ture wani.

Kuna tsammanin jarrabawar ke nan? A'a. Ku saurara, babbar tana tafe.

Duk wannan abin da ake, Delu ba ta wurin. Ta koma cikin gari ta fito da wata tsohuwa makauniya, maƙwabciyarsu, da aka manta a ɗaki. Sai ga ta da tsohuwar goye a baya, ruwa har cinya. Tunau ya karɓi tsohuwar ya zaunar a jirgi. Delu ta ɗaga ƙafa za ta shiga. Ya sa filafili ya tare.

Ya ce, "Delu, akwai waɗanda suka riga ki."

Ta dube shi. Matar da suka tsufa tare, suka binne 'ya'ya tare. Ta sauke ƙafarta, ta juya, ta je ta tsaya bayan Bature.

Ya ci gaba da kai da kawowa. Tafin hannunsa ya saɓule, jini na bin filafili. Duk dawowar da zai yi sai ya tarar ruwa ya ƙara cin layin: daga gwiwa ya kai ƙugu, daga ƙugu ya doshi ƙirji. Duk dawowa idonsa na kan tsamiya, yana neman ɗankwalin Delu.

Wajen la'asar ya zo ɗaukar na ƙarshe. Suka shiga, har da Jibo, jirgi ya nutsa har ruwa na lasar bakinsa. Gurbin mutum ɗaya ya rage, mutum biyu kuma na tsaye: Bature, da Delu a bayansa.

Na cikin jirgi suka ɗau ihu. "Tunau, matarka! Ɗauki matarka!" Jibo kuwa na cewa, "In Bature ya mutu a nan, rataye mu za a yi duka!"

Tunau ya runtse ido, ya buɗe, ya ce, "Ranka ya daɗe, shigo. Kai ne a gaba."

Delu ta ce wa mijinta, "Tafi da shi, Malam. Zan hau tsamiya."

Bature bai motsa ba. Ya ce, "A'a. A garinmu, mace ce gaba."

Tunau ya ce, "Ranka ya daɗe, gurbinka ne. Ban roƙe ka ba."

"Na sani. Nawa ne, na ba ta."

Ya ja gefe ya buɗe mata hanya. Aka jawo Delu ciki. Tunau ya dubi Bature ya ce, "Zan dawo."

Bature ya ce, "To. Ina nan, ba inda za ni."

Da ƙyar suka kai tudu. Tunau na sauke mutane ya juya kan jirgi, sai maza suka riƙe shi. Suka ce, "Ka haukace? Dubi ruwan nan! Ka fitar da gari duka, ka yi iyakar ƙoƙarinka. Ba ɗan uwanka ba ne, ba addininku ɗaya ba. Waɗannan ne fa masu karɓar harajinmu." Shi kansa ya tsaya, yana duban hannuwansa, yana duban kogin. Tsamiyar ma da ƙyar ake hango kanta.

Sai Delu ta kutso tsakiyarsu. Ta cire ɗankwalinta ta yage shi biyu, ta naɗe masa tafin hannu ɗaya, ta naɗe ɗayan. Ta ce, "Ku sake shi. Ya ce masa zai dawo."

Ya yi bisimilla ya tura jirgi. Ruwa ya fizge shi ya yi ƙasa da shi, ya yi ta fama har ya dawo kan hanya. Mutane na tudu suna ta addu'a, in igiyar ruwa ta rufe shi sai mata su sa kuka, in ya ɓullo sai a yi kabbara. Da ya isa tsamiya, ya tarar da Mai Lofe zaune kan reshe, ruwa na dukan ƙafafunsa, rungume da wani ɗan akuya da ya tsamo.

Bature ya ce, "Yi haƙuri. Mun zama biyu."

A dawowa ne, sun kusa gaɓa, wani ƙaton kututture ya taho ya daki jirgin ya tsaga shi. Suka zube cikin ruwa. Mazan nan da suka hana shi tafiya, su ne suka kama hannun juna suka shiga kogin har wuya, suka jawo su, da Tunau, da Bature, da ɗan akuyan. Jirgin kuwa ba a sake ganin ko ɓarinsa ba.

Da Bature ya farfaɗo, ya je inda Tunau ke kwance ya durƙusa, ya kama hannunsa mai jini. Ran nan kaɗai aka ga abin da ke cikinsa ya fito a fuska. Can ya ce, "Yau an ɗan yi ruwa." Mutanen da suka rasa gidajensu suka fashe da dariya, wasu na dariya suna hawaye.

Tunau bai zama kowa ba bayan wannan. Gari ya taru aka fafe masa wani jirgi, amma yatsunsa ba su sake dunƙulewa sosai ba har ya koma ga Allah. Talaka ya rayu, talaka ya mutu. Amma a ambaliyar nan ba a rasa rai ko ɗaya ba a ƙauyensu.

To, jama'a, ga abin da nake so ku tafi da shi. Adalci ba ya tabbata sai ranar da ya taɓa naka. Cika alkawari ba ya tabbata sai ranar da cikawar za ta ci maka wani abu. Kyawun hali kuma Allah Ya raba shi cikin bayinsa, fari da baƙi, in ka gan shi wurin baƙo kada girman kai ya hana ka yabawa, kada kuma ka ce na wasu ne ban da kai.

Gobe za ku je asibiti, za ku je gidan mai, za ku je bakin famfo. Za ka tarar da tsohuwa ta riga ka, kuma mai rabon ɗan unguwarku ne, yana ƙifta maka ido ka zagayo ta baya. Kai tela, ka ce wa mutum Alhamis. Kai mai gyaran mota, ka ce masa da azahar. Babu ambaliya, babu gidan yari, ba wanda ya ce ka ba da ranka. Tsayuwa ce kawai aka ce ka yi a inda Allah Ya ajiye ka, ka kuma aikata abin da bakinka ya faɗa. In wannan ya gagare ka, ɗan uwa, ka binciki zuciyarka tun kafin a bincike ta.

Allah Ya jiƙan Tunau da Delu. Allah Ya ba mu ikon tsayawa a kan gaskiya, ko da namu ne ke baya.