Kunkurun Nata'ala da Faifan Ɗumi

Akwai wani tela a Gwarzo, Malam Nata'ala, wanda ya ce tun da yake bai taɓa tambayar kowa yadda ake kiwo ba. A cewarsa, ya taɓa kiwon damo har ya riƙa raka shi masallaci yana jiransa a bakin ƙofa.

Tun da aka rufe gidan kallon unguwa, tsadar mai kuma ta hana mutane yawo, ƙofar shagonsa ce majalisa. Sai ga Mahbub, ɗan maƙwabcinsa mai karatun likitan dabbobi, ya dawo da kunkuru cikin akwatin gilashi. Majalisa ta kwashe ta koma can. Har bencin Nata'ala aka ara.

Abin ya tsaya masa a wuya. Ya je Kabo ya samo nasa kunkurun, ya sa masa suna Jarumi.

Da sanyi ya shigo, Jarumi ya daina cin abinci. Na Mahbub kuwa yana ta tauna latas. Nata'ala ya wuce ta wurin Mahbub kamar mai neman allurar da ta faɗi, ya leƙa ya ga wani faifai mai waya a ƙarƙashin akwatin.

Mahbub ya ce, "Baba, faifan ɗumi ne. Zauna in nuna maka yadda ake sa shi."

"Ni za ka nuna wa? Ina kiwo tun kana goye."

Bai zauna ba. Da a ce ya zauna, da ya ji cewa ta waje ake manna faifan, a gefe ɗaya kawai, domin dabba ta sami wuri mai sanyi da za ta koma. Da kuma ya ga 'yar na'urar da ke kashe shi idan zafi ya kai.

Ya aika Kano aka sayo masa wanda ya fi na Mahbub girma. Ya shimfiɗa shi a cikin akwati daga bango zuwa bango, ya rufe da tsohon bargo kamar yadda yake yi wa 'yan tsaki. Matarsa Marka ta ce, "Malam, ka tambayi yaron nan mana." Ya ce ta kula da tukunyarta.

Ranar kasuwar Getso, yana can aka kawo wuta, ta wuni. Ya dawo ya tarar Jarumi ya ƙone a ciki, ba ya motsi. Ya naɗe shi a buhu ya ajiye bayan gida. Washegari da sassafe ya hau mashin sai Kabo, ya dawo da wani kunkurun.

Bayan mako uku ya tara majalisa.

"Ku ga aikin gwani. Sati uku a kan faifaina, Jarumi ya ninka. Na yaron can ko rabinsa bai kai ba."

Ƙasimu mai shayi ya ce, "Har kalar bayansa ta canza, Malam."

"Ƙoshi ne."

Ana cikin haka Mahbub ya yi sallama ɗauke da kwali. Ya durƙusa ya gaishe shi, ya tambayi gida da aiki da sanyi, sannan ya buɗe.

"Baba, ga Jarumi na dawo da shi. Inna Marka ce ta tsince shi da sauran numfashi ta kawo mini. Ƙunar ta fara warkewa, jiya ma ya ci kabewa."

Majalisa ta dubi kwali, ta dubi akwati. Ƙasimu ya ajiye kofinsa a hankali.

"To Malam, wannan ƙaton da ya ninka, shi kuma wa za mu ce da shi?"

Darasi: Hassada tana hana mutum tambayar abin da bai sani ba, kuma marar laifi ne ke shan wahalar. Idan ka ga wani ya fi ka sanin abu, zauna ka koya, ko da ɗan cikinka ne. Ku tura wa 'yan uwa, musamman masu kiwo.