Bugun da Zaharadden Bai So Yi Ba

Akwai wani matashi a Jidda, Zaharadden, Bahaushe haifaffen unguwar Waziriyya, ɗan wasan besbol a ƙungiyar Taurarin Safa. Ga wanda bai san wasan ba, ana jefo maka ƙwallo ka doke ta da sanda, ka zaga tasha uku a guje ka dawo gida, ka ci maki ɗaya ke nan. Shi Zaharadden in ya doka, sai a bayan katanga ake tsinto ƙwallon. Ya kuma san da haka, shi ya sa kansa ya fi ƙarfin hularsa.

A kakar bara suka lashe rukuninsu, suka shiga zagayen sili-ɗaya-ƙwale.

Kocinsu, Othman, yana da wata alama. In ya taɓa hula ya shafi kunne, yana nufin kar ka doka da ƙarfi, ka tare ƙwallon kawai ta gangara gabanka. Kai za a fitar da kai, amma abokinka da ke kan tasha zai samu ya matsa gaba. Zaharadden ya tsani alamar nan kamar ciwon haƙori. A wasan kusa da na ƙarshe ya gan ta sarai, ya kau da kai ya zabga, aka cafe ƙwallon a sama, aka fitar da shi. Da ƙyar suka tsallake ranar.

Ana cikin haka kafilinsa, wato wanda ya tsaya masa a ƙasar, ya ce ba zai sabunta masa iƙama ba, takardar izinin zama ke nan, saura wata biyu ta ƙare. Mutumin da ko hanyar Kano, garin iyayensa, bai sani ba, in an kore shi ina za shi? Sai labari ya zo cewa wani Hamad, wakilin wata babbar ƙungiya a Riyad, zai zo kallon wasan ƙarshe. Duk wanda ya ɗauka, ƙungiyar ce za ta zama kafilinsa. Zaharadden ya ƙudurta sai ya doka bugun da Hamad ba zai manta ba.

Ranar Juma'a bayan la'asar aka kara. An kai zagayen ƙarshe ana uku da uku, abokinsa Saif yana tasha ta farko, layi ya zo kan Zaharadden. Ya ɗaga kai ya hangi Hamad a kan benci. Ya waiga wajen koci.

Othman ya taɓa hula, ya shafi kunne.

Wallahi ransa ya ɓaci. Wannan ce damarsa ta ƙarshe, ga shi an ce ya zubar da ita. Ya dubi Saif, ya dubi sauran da suka sha zafin ranar Jidda wata shida tare da shi. Ya ce a ransa, halas, shi ke nan. Da ƙwallon ta zo ya tare ta a hankali, ta gangara. Aka fitar da shi, Saif ya kai tasha ta biyu. Mai bin Zaharadden a layi ya doka wata 'yar madaidaiciya, Saif ya ƙaraso gida, kofi ya zama nasu.

Ana ta murna, shi yana gefe yana kwance takalmi, zuciyarsa a cunkushe. Sai ga Hamad tsaye a kansa.

"Tun a Riyad aka ce min kana da hannu amma ba ka da kunne," in ji Hamad. "Masu hannu ina da su har guda shida. Kunnen na zo dubawa. Yalla, maza gobe ka kawo min iƙamarka."

Darasi: Ƙwarewa tana sa a kalle ka, amma sanin lokacin da za ka janye don wani ya wuce shi ke sa a riƙe ka. Ka tura wa duk wanda yake ganin in ba shi ba, ba a cin wasa.