Mil Goma Sha Huɗu na Sodangi

Akwai wani manomin albasa a ƙasar Shagari, ana ce masa Sodangi. Shekarar ta ɓace mini, amma dai Turawa ba su tafi ba, ana kashe fam da sule.

Sodangi mutum ne mai wutar ciki. Ko tuwo a tsaye yake ci.

Wata safiya labari ya iske shi cewa wani falke daga Kudu ya sauka a kasuwar Boɗinga, yana sayen albasa da tsada, kuma da la'asar zai tashi. Sodangi yana da buhu goma sha biyar, ko sha shida ne, na manta. Noman shekararsa ke nan gaba ɗaya, ga shi ta fara tsira a rumbu. Jaki ba zai kai ta a kan lokaci ba.

Ya ruga wurin Mode direba, mai tuƙa wata tsohuwar akori-kura. Mode ya ce tashin mota sule goma sha biyu ne, bayan nan kowane mil sule biyu. Boɗinga kuwa mil goma sha bakwai ce daga inda za a yi lodi.

Sodangi ya taɓa lalitarsa. Fam biyu ne a ciki, wato sule arba'in. Ya raba arba'in gida biyu a kansa, ya ga mil ashirin, ya ce a tayar da mota, kuɗin ya isa har da saura.

Yayarsa Inno, mai sayar da ƙuli-ƙuli a bakin tasha, ta ji komai. Ta kira shi, ta zuba ƙwayar gyaɗa arba'in a faifai. Ta ware goma sha biyu gefe, ta ce waɗannan mota ta cinye su tun ba ta motsa ba. Abin da ba a sani ba shi ne mil nawa ragowar za ta biya. Ta shiga jera ashirin da takwas ɗin biyu-biyu.

"Sodangi, kuɗɗin ga ba su kai ka Boɗinga," in ji ta. "Tsaya in ranto maka sule shidda wurin maƙwabta."

"Yaya, ki bar ni da lissahin ƙuli-ƙuli. Rana na tahiya."

Bai ko dubi faifan ba. Ya haye gaban mota.

A hanya ya hana Mode sakat. Ya leƙa rana, ya leƙa buhuna, ya ce ko amalanken shanu ya fi wannan mota sauri. Mode kuwa duwatsun mil na bakin hanya kawai yake ƙirgawa.

A dutse na goma sha huɗu ya taka birki, ya kashe mota.

Sodangi ya ce a yi lissafi. Aka yi, aka sake. Sha biyu da ashirin da takwas, arba'in cif. Mode ya ce motar ba tasa ba ce, mai ita yana duba agogon mil kowace yamma, kuma duk abin da ya gaza daga albashinsa ake cirewa. Amma in Sodangi ya yarda ya ba da buhu ɗaya, za a ƙarasa.

"Buhu guda don mil ukku? Ashe kai ɓarawo ne da hula!"

"To, Malam, ni ka sauke kaya, ko kai ka saukewa?"

Suka yi ta ja. Sodangi ya sauka, ya hau, ya sake sauka. Ya tare masu jakuna, suka ce kayansu ya ishe su. Inuwar motar tana ta tsawo a kan hanya. Sai da ya jiwo kiran sallar la'asar daga wani ƙauye sannan ya ce a ɗauki buhun.

Suna shiga kasuwar Boɗinga, motar falken tana fita, an ɗaure tamfol, babu wurin ko buhu ɗaya. Sodangi ya bi ta da gudu yana ɗaga hannu har takalminsa ya tsinke.

Washegari ya sayar wa 'yan kiri a rabin kuɗi, ya koma gida a ƙasa.

Darasi: Kafin ka raba abin da ke hannunka, fara cire abin da ba naka ba ne. Kuma kada gaggawa ta sa ka raina mai ce maka tsaya, ko da gyaɗa take lissafi. Ku tura wa 'yan'uwa, wataƙila wani yana shirin hawa mota yanzu.