Ranar da Kamran Ya Ɗauki Mahaifinsa a Waya

Akwai wani matashi mai suna Kamran, mai gyaran wayoyi a wata tsohuwar unguwa ta birnin Multan, a ƙasar Pakistan. Ya iya aikinsa sosai, sai dai bakinsa ba ya ƙyale kowa, kuma yana son a ce shi ne ya ba mutane dariya.

Mahaifinsa, Ghulam Sarwar, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne, amma da alƙalancin wasan kurket, wanda ake buga ƙwallo da sanda, aka fi saninsa. Tun Kamran yana goye yake tsayawa a tsakiyar fili yana yanke hukunci a wasannin makarantu da na unguwanni. Ko waɗanda ya taɓa fitarwa daga wasa suna gaishe shi da girmamawa, domin ba a taɓa zarginsa da son kai ba.

Duk lokacin da 'yan wasan ƙasa suke buga doguwar karawar nan ta kwana biyar, a shagon shayin Chacha Liaqat, wato Baffa Liaqat, mazan unguwa suke taruwa. Ranar da abin ya faru, bayan la'asar ne, wasa ya ɗauki zafi, kuma an koma gardamar da aka saba a kan na'urar da ake sake duba hukuncin alƙali da ita.

Tsofaffi suna cewa tun da aka kawo ta, alƙali ya zama hoto a tsakiyar fili. Matasa kuma suna cewa da can zalunci ake yi ba mai ɗaukaka ƙara.

Chacha Liaqat yana zuba shayi ya ce, “Ita na'urar taku ai mutum ne yake zaune yana danna ta. Ko daga sama ta faɗo?”

Kamran ya ce, “Chacha, kai dai ka kula da madararka kada ta kama. Wannan maganar ta masu ilimi ce.”

Aka yi dariya. Ghulam Sarwar kuwa idonsa yana kan talabijin.

Ana cikin haka ƙwallo ta daki ƙafar mai bugu na ƙungiyar baƙi a daidai gaban sandunan da yake karewa. Shagon ya kaure da ihu. Alƙalin fili ya ɗaga yatsa, alamar ɗan wasan ya fita. Shi ma dattijon, don murna, ya miƙe tsaye ya ɗaga nasa yatsan, ya ce ko ba na'ura wannan a fili take, ya yanke irinta ba adadi.

Mai bugun ya nemi a sake dubawa. Kamran ya zaro wayarsa ya saita ta a kan mahaifinsa, ya ce ya maimaita abin da ya faɗa. Dattijon ya maimaita, yana ɗan murmushi, a zatonsa wasa ɗansa yake yi.

Da aka nuno hoton a hankali, sai ga shi ƙwallon ta fara gogar sandar bugu kafin ta kai ƙafa. A dokar wasan hakan na nufin bai fita ba, don haka alƙali ya janye hukuncinsa. Ghulam Sarwar ya sauke hannunsa a hankali, ya gyara tabarau, ya ce lallai bai ga wannan ba, ya koma ya zauna.

Da abin ya tsaya a nan, da kafin magariba an manta. Amma Kamran ya koma shagonsa ya gyara bidiyon, ya haɗa masa sautin dariya, ya rubuta a ƙasa: “Alƙalan zamanin da, ido a buɗe, gani babu.” Sannan ya tura wa abokai.

Matarsa Rubina ta gani a wayar ƙanwarta. Ta roƙe shi ya goge, ta ce wannan fa Abba ji ne, kamar yadda suke kiran dattijon, ba sa'ansa ba ne. Ya ce ita ba ta san raha ba, ta duba yawan mutanen da suka yaba.

Kafin karawar ta ƙare, bidiyon ya zaga gari. Mai sayar da mangwaro ya gani, direbobin keke-napep sun gani. In dattijon ya wuce zuwa masallaci, sai wani daga nesa ya ɗaga yatsa, a tuntsire da dariya. Bai ce wa Kamran komai ba. Ya dai daina zuwa shagon shayi, ya ce gwiwarsa ce take damunsa.

Abin da Kamran bai sani ba shi ne, kwamitin gasar makarantun gundumarsu ya riga ya zaɓi mahaifinsa ya yi alƙalancin wasan ƙarshe na bana. Dattijon ya ƙudurta cewa da wannan wasan zai yi sallama da fili. Mahaifiyar Kamran ce kaɗai ya gaya wa.

Ita ce ta sami Kamran a shagonsa wata safiya, ta ƙi zama. Ta ce shugaban kwamitin ya kira mahaifinsa ya ba shi haƙuri. Iyayen 'yan wasa sun ga bidiyon, sun ce ba za a sa makomar 'ya'yansu a hannun wanda ɗansa na cikinsa ya ce ba ya gani ba. An ba wani sabon alƙali mai suna Adeel.

Ta ce, “Da bare ne ya yi masa, da ya fita ya kare kansa. To kai ne. Wa zai kai ƙara?”

Kamran ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Nan take ya goge bidiyon, amma ya riga ya shiga wayoyin mutanen da bai ma san su ba. Ya je wurin shugaban kwamitin, ya rantse cewa wasa yake yi, idon mahaifinsa lafiya lau, kuma ko alƙalin da ke cikin filin ai kuskuren da ya yi ke nan. Mutumin ya saurare shi har ya gama, ya ce ya san duk wannan, amma an riga an sanar da sunan Adeel.

Da ya koma gida, ya tarar da mahaifinsa a tsakar gida yana goge farar rigarsa ta alƙalanci. Ya goge ta tsaf, ya ninke, ya ɗora farar hularsa mai faɗi a kai.

Kamran ya durƙusa a gabansa. Hawaye suka zubo masa. Da ƙyar ya ce, “Abba ji, ni na jawo maka. Ka yi mini duk abin da ka ga dama.”

Dattijon ya dafa kansa. Ya ce kuskuren hukuncin nasa ne, kuma bai ji kunyarsa ba, don duk alƙali yana kuskure. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne da ya waiga a ranar, ya ga ɗansa ya fi kowa dariya.

Sannan ya ce, “Na yafe maka, ɗana. Tashi ka kai wa Adeel wannan. Na ji an ce ba shi da riga, kada ya shiga fili da kayan gida.”

Kamran ya so ya ce a aiki wani, amma bai iya ba. Ya rungumi kayan ya bi ta tsakiyar kasuwa, ya wuce ta gaban shagon shayi. Mutanen da ke zaune suka ga abin da ke hannunsa, hirarsu ta tsaya. Ba wanda ya tsokane shi, kuma da sun zage shi da ya fi masa sauƙi.

Ranar wasan ƙarshe dattijon bai je ba. Kamran ne ya je, ya tsaya can bayan shingen fili cikin rana. Ya hango Adeel a tsakiyar fili cikin rigar. Ta yi masa yawa, har sai da ya naɗe hannuwanta.

Darasi: Kada ka sayi dariyar mutane da mutuncin iyayenka. Za su iya yafe maka, amma yafiyarsu ba za ta dawo musu da abin da ka sa suka rasa ba. Kafin ka ɗora hoton wani a waya, ka tambayi kanka ko za ka iya kallon idonsa gobe. Ku tura wa 'yan uwa da abokai, wataƙila akwai wanda yatsansa ke kan madanni a yanzu haka.