Malamin da Ya Hana Ɗan Madugu Sauka

An ruwaito daga littattafan mutanen da, cewa a zamanin wani sarki mai suna Alwali an yi wani malami, Malam Ɗayyabu, mai zafin rai, wanda ɗalibi ba ya wanke allo a gabansa sai karatu ya zauna daram. Cikin ɗalibansa akwai Jafaru, ɗan Madugu Barau, attajirin garin.

Madugu, da yake dukiya ta saba masa da ba a ce masa a'a, ya sa ranar walimar saukar ɗansa bai tambayi malamin ba. Ya sayi sa, ya raba goro. Malam sai a bakin mahauta ya ji. Ransa ya ɓaci ƙwarai, ya ce babu sauka bana, karatun yaron rabi da rabi ne.

Madugu ya kai ƙara fada. Waziri ya ce, "Malam, ka kunyata babban mutum. Ko ka kawo hujja, ko ka rufe makarantarka ka bar garin nan."

Malam ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Allah ya ba Sarki nasara, an ce wasu mutane sun sa a haƙa musu rijiya. Mai haƙa ya tarar da laima, suka hau guɗa, suka fito da shi suka sa masa riga. Ya san ruwan yana can ƙasa, amma yabo ya yi masa daɗi, ya yi shiru. Da rani ya tsananta rijiya ta ƙafe, garin ya watse. Yaron nan ban taɓa koyar da mai kaifin kai irinsa ba, ubansa ne ke ce masa falke ba ya bukatar dogon karatu. Gara a kore ni da in sa hannu a lalata shi."

Madugu ya zabura ya ce, "Ɗanka ne ko nawa?"

Sarki ya sa aka kira Jafaru, ya tambaye shi abin da yake so. Yaron ya sunkuyar da kai ya ce, "Ranka ya daɗe, a gidanmu ko me na karanta sai a ce madalla. Malam kaɗai ke fushi in na yi kuskure, don shi kaɗai ya yarda zan iya. Baba, ka yi haƙuri, ba na son saukar nan."

Madugu ya janye ƙararsa. Sarki ya yafa wa Malam alkyabba, ya danƙa masa nasa 'ya'yan ya karantar da su.

Masu hikayar suka ce, duk malamin da ya sassauta wa ɗalibi don tsoron ubansa, raina yaron ya yi, kuma ya cuce shi.