Amincin da Gwaggo Ta Bayar a Bakin Rijiya

Akwai wani mutum manomi a wani gari na bakin gulbi, wanda Allah Ya hore wa ƙarfin damtse, Ya kuma jarrabe shi da saurin fushi. Wata shekara bayan kaka, mutanen ƙetaren gulbi suka kawo hari, suka cinna wa rumbuna wuta, har da nasa. Sarki ya yi umarni a fita kare gari. Manomin ya jingine fartanya, ya ɗauki mashi.

Da hantsi aka fatattaki maharan. Manomin ya hangi wanda ya ƙone masa rumbu yana gudu da ɗingishi, ya gane shi sarai, ya dafa masa baya. Da mutumin ya kai bakin rijiya ƙarfinsa ya ƙare, ya zube gaban wata tsohuwa mai jan ruwa, wadda ita ce gwaggon manomin. Ya ce, "Iya, ki cece ni!"

Ta dube shi, ta ce, "Zauna. Ba mai taɓa ka." Ta miƙa masa guga ya sha.

Sai ga manomin yana haki, mashi a sama. Ya ce, "Gwaggo, kauce! Shi ne ya ƙone mana hatsi."

Ta ce, "Na sani. Dammunan da ya ƙone ai da ni aka ɗaure su. Sauke tsinken nan, kada ka tsokane wa wani ido."

"Da yawun wa kika ba shi aminci? Ke ce sarkin yaƙi?"

"Ni ce na goya ka, ja'iri."

Bai iya tsallake ta ba, sai ya kai ƙara gun sarkin yaƙi, yana da yaƙinin cewa maganar tsohuwa ba ta da nauyi ranar fama. Sarkin yaƙi ya tako har rijiyar, ya ce, "Iya, da bakinki kika faɗa?"

Ta ce, "Na faɗa, ya kuwa ji."

Ya ce, "To, dukanmu muka faɗa." Sa'an nan ya juya ga manomin. "Kai da ka fi kowa sanin fuskarsa, kai za ka raka shi har mashigin gulbi. Ko ƙaya kada ta soke shi."

Manomin ya tasa shi gaba, zuciyarsa na tafasa. Da ɗingishin ya tsananta, ala tilas ya ba shi kafaɗa, har ya sa shi a kwalekwale. Ya komo, ya yi alwala, ya bi sahun azahar. Rumbunsa dai toka ne, amma da ya ɗaga hannuwansa zai yi kabbara, ya ga babu jinin wanda aka ba aminci a kansu, sai ya ji ransa ya yi fari.

Ga ma'anar wannan misali, ya ku 'ya'yana. Musulunci bai sakar wa mai fushi linzami ba, ko da shi aka zalunta. Yaƙi yana da shugaba, yana da iyaka, kuma amincin da mafi rauni a cikin jama'a ya bayar, namiji ne ko mace, ya hau wuyan kowa, har mai riƙe da tuta. Cika shi ibada ce, kamar yadda salla take ibada. To, in haka shari'a ta tsananta a fagen fama, ina ga rigimar iyakar gona da ta bakin famfo? Saboda haka, idan mahaifiyarku ta ce wa maƙwabci "ya wuce", kada waninku ya zagaya ta bayan katanga da sanda. Bakin gidanku ne duka ya yi magana.